Andres Bello, Malamin Da Ya Raɗa Wa Lokutan Fi'ili Suna

Duk wanda ya ga sunan Bello a saman wannan shafi, sai ya zaci labarin wani mutumin Sakkwato ko na Yola zan bayar. To, ba haka ba ne. Wannan Bello mutumin Amurka ta Kudu ne, harshensa Sifaniyanci, a bakin mutanen ƙasarsu kuwa sunan ya kan fito kamar Beyo, ma'anarsa kyakkyawa. Ya rasu tun 1865. Na zaɓi in ba ku labarinsa domin sana'armu ɗaya da shi, watau koyarwa. Ya riƙe manyan muƙamai, har ya rubuta wa ƙasa guda dokokinta, amma abin da ya sa yaran sakandare a Meksiko da Benezuwela su ke cin karo da shi har wa yau shi ne sunayen da ya raɗa wa lokutan fi'ili, wanda a ke kira aikatau a nahawun Hausa na yanzu.

An haifi Andres Bello a birnin Karakas ran 29 ga Nuwamba, 1781, a zamanin da ƙasar Benezuwela ta ke ƙarƙashin Sarkin Sifen. Ubansa lauya ne, kuma masanin kiɗa. Kakansa na wajen uwa mai zanen hotuna ne. Kusa da gidansu akwai gidan 'yan zuhudu, can ne wani malami mai suna Kiristobal de Kesada ya koya masa harshen Latin. Yaron ya ƙware ƙwarai, har tun yana ɗan shekara goma sha ya fara juya waƙoƙin Latin zuwa Sifaniyanci. Ya shiga Jami'ar Karakas, ya sami digirinsa na fari a 1800. Tun yana ɗalibi ya kan koyar da 'ya'yan manya a gidajensu. Cikin waɗanda ya koya wa labarin ƙasa da adabi akwai Simon Bolibar, wanda daga baya ya shugabanci yaƙin ƙwatar mulkin kai. Tsakanin malamin da almajirin kuwa ko shekara biyu babu.

A 1802 ya kama aikin akawu a ofishin Gwamna. Ya yi magatakardan kwamitin da ke lura da lambar agana, sa'an nan da aka kafa jarida ta fari a ƙasar a 1808 aka ba shi aikin rubuta ta. A waɗannan shekaru ne, bayan an tashi daga ofis, ya riƙa zama yana nazarin yadda fi'ilin Sifaniyanci ya ke nuna lokaci. Ya rubuta abin da ya gano, ya ajiye takardun, bai kai su wurin ɗab'i ba.

A 1810 mutanen Karakas suka tumɓuke Gwamna, suka kafa majalisar kansu. Suka aiki mutum uku Landan neman goyon bayan Ingila, watau Bolibar, da Luwis Lofez Mendez, da Bello, gama shi yana jin Ingilishi da Faransanci. Bolibar ya koma gida a cikin shekarar, Bello ya tsaya. A 1812 girgizar ƙasa ta rushe Karakas, sojan Sarkin Sifen kuma suka sake kama ƙasar. Albashi ya yanke, hanyar komawa ta toshe. Tafiyar da aka yi zaton ta 'yan watanni ce, sai ga ta ta kai shekara 19.

Zaman Landan zaman talauci ne. Ya riƙa koyar da Sifaniyanci da Latin a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ya yi aikin kwafe rubutun hannun wani masani Bature mai suna Jeremi Bentam, rubutu mai wuyar karantawa ƙwarai. Matarsa ta fari ta rasu a 1821, ta bar shi da ƙananan yara. Duk da haka bai bar karatu ba. Ya koyi harshen Girka, ya yi shekaru yana zuwa babban ɗakin karatu na Gidan Tarihin Biritaniya, yana bin tsofaffin littattafai don ya ga yadda Sifaniyanci ya fito daga Latin, da inda suka rabu. Koyar da baƙin harshe kuma makaranta ce a gare shi, domin baƙo ya kan yi tambayar da ɗan gida ba ya yi. Daga 1822 ya sami aiki a ofishin jakadan Cile, daga baya a na Kolombiya. Gwamnatin Cile ta kira shi, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Balfaraiso a watan Yuni, 1829, yana da shekara 47. Bai sake ganin Karakas ba har mutuwarsa, bai kuma sake ganin mahaifiyarsa ba.

Kafin in ci gaba, ya kamata in nuna muku wahalar da ke cikin fi'ilin Sifaniyanci, in ba haka ba ba za a ga amfanin aikinsa ba. A Hausa fi'ili ya kan tsaya yadda ya ke, lamirin da ke gabansa ne ke sakewa: na ci, ka ci, mun ci, za su ci. A Sifaniyanci kuwa wutsiyar fi'ilin ce ke sakewa, ita ke nuna mai aikin da lokacin aikin gaba ɗaya. Kalmar ci ita ce comer. Ina ci, como. Kana ci, comes. Yana ci, come. Muna ci, comemos. Kuna ci, coméis. Suna ci, comen. Siga shida ke nan a lokaci guda. Lokutan ba da labari kaɗai goma ne, watau siga sittin, ban da na fata da shakka da na umurni. Fi'ilan kuma aji uku ne, masu ƙarewa da ar, da er, da ir, kowane aji da nasa wutsiyoyi. Ga kuma fi'ilai masu taurin kai waɗanda ba su bin ƙa'ida, su ne ma aka fi amfani da su kullum.

Yaron da aka haifa cikin harshen ya san sigogin nan tun yana goye. Abin da ke ba shi wahala a makaranta shi ne sunayensu da bayaninsu. Tun daga Antoniyo de Nebriha, wanda ya buga nahawun Sifaniyanci na fari a 1492, har zuwa littafin da Majalisar Harshe ta Sifen ta fitar a 1771, da ma'aunin Latin a ke auna harshen. A Latin suna ya kan sake wutsiya bisa ga aikinsa cikin jimla, saboda haka a kan sa yara su jera sunan Sifaniyanci hawa shida, alhali kuwa kalmar casa, watau gida, tana nan casa daga hawan fari har na ƙarshe. Sunayen lokuta ma na aro ne. Akwai wanda in an fassara shi zai zama shuɗaɗɗen da bai cika ba, akwai kuma shuɗaɗɗen da ya fi cikakke cika. Har wa yau an tara sigogi uku, comería da comiera da comiese, an ba su suna ɗaya, ko da ya ke ba ko'ina ɗaya ta ke shiga wurin 'yar'uwarta ba. Yaro ya kan haddace duk wannan, ya ci jarrabawa, amma in an tambaye shi abin da sunan ya ke nufi sai ya yi shiru. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A 1841 Bello ya fito da takardun nan da ya rubuta a Karakas, aka buga su a Balfaraiso, ɗan ƙaramin littafi a kan lokutan fi'ili. Shekara wajen talatin suna ajiye, ya sake dubawa, ya ga ra'ayinsa bai sake ba, kāna ya yarda a buga. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya kafa turke a daidai lokacin da mai magana ya ke magana. Kowane aiki, ko dai ya riga turken, ko yana tare da shi, ko yana bayansa. Wanda ke tare da shi, como, ina ci, ya kira shi presente. Wanda ya riga shi, comí, na ci, shi ne pretérito. Wanda ke zuwa, comeré, zan ci, shi ne futuro. Waɗannan uku sunayensu tsofaffi ne, kowa ya san su.

Sa'an nan ya lura cewa mai magana ya kan kafa turke na biyu a wani wuri, ya auna aiki daga can. Don haka ya ɗauko 'yan gaɓoɓi uku: ante, watau kafin; co, watau tare da; pos, watau bayan. Ga misali. In na ce cuando entré, Juan comía, ma'ana sa'ad da na shiga Huwan yana ci, to, cin yana tare da shigata, shigata kuwa ta wuce. Sunan comía ke nan ya zama copretérito, mai tafiya tare da abin da ya wuce. In na ce Juan dijo que comería, watau Huwan ya ce zai ci, cin yana bayan faɗin, faɗin kuwa ya wuce. Sunan comería ya zama pospretérito. Bai damu da ko Huwan ya ci jiya, ko yau, ko sai gobe ba. Abin da sigar ta nuna kaɗai shi ne cin ya biyo bayan faɗin.

Sauran biyar ɗin su ne waɗanda a ke haɗawa da fi'ilin taimako, haber. Kowannensu sai ya ɗauki sunan sigar haber da ke cikinsa, a sa masa ante a gaba. He comido shi ne antepresente, aikin da ya riga yanzu amma yana da sauran dangantaka da yanzu. Habré comido shi ne antefuturo, kamar a ce kafin ka zo gobe na ci. Había comido shi ne antecopretérito, kamar a ce ko da ya zo na riga na ci. Haka kuma hube comido ya zama antepretérito, habría comido ya zama antepospretérito. Sunayen suna da tsawo, gaskiya ne, amma kowane ɗaya kwatance ne. Yaron da ya san kalmomi uku da gaɓoɓi uku yana iya warware sunan da kansa, kamar yadda a ke warware lissafi, ya kuma gina shi in ya manta. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a aikin Bello duka.

Bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. Daga zuwansa Santiyago ya shugabanci wata kwaleji na ɗan lokaci, da aka rufe ta kuma ya buɗe aji a gidansa, cikin ɗakin littattafansa. Almajirinsa Hose Biktorino Lastariya ya ba da labarin yadda ya kan yi. Ya kan kawo mas'ala ɗaya, ya bayyana ta, sa'an nan a ɗauko littattafai a duba abin da marubuta suka yi, a yi ta muhawara har a daidaita. A 1833 da 1834 ya yi ta rubuce-rubuce a jaridar gwamnati, yana jan hankalin iyaye da malaman makaranta ga kurakuran da yara ke yi a magana, da yawa daga cikinsu kuwa a wajen juya fi'ili ne. A wancan zamani mutane da dama suna ganin wanda ya koyi nahawun Latin ba ya bukatar a koya masa na harshen uwarsa. Bello ya tsaya a kan cewa Sifaniyanci ya cancanci darasi nasa na kansa.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. A 1842 aka yi gardama mai zafi a jaridun Cile tsakanin jama'arsa da wani saurayi ɗan Ajantina, Domingo Sarmiyento, wanda a shekarar nan aka ba shi shugabancin sabuwar kwalejin horon malamai ta Santiyago, daga baya kuma ya zama shugaban ƙasarsu a 1868. Sarmiyento yana ganin jama'a ne masu harshe, masu nahawu kuwa 'yan hana ruwa gudu ne. Bello yana ganin in kowa ya bi son ransa harshen zai watse. Ni a ganina kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma shi kansa Bello ba mai ƙin sabon abu ba ne. Tun 1823 a Landan ya kawo shawarar a sauƙaƙa ƙa'idar rubutu don yara su koyi karatu da wuri. Ƙasar Cile ta ɗauki sashen shawarar a 1844, ta yi aiki da waɗansu daga ciki har 1927.

A 1842 aka yi dokar kafa Jami'ar Cile, aka buɗe ta a watan Satumba, 1843, Bello ne shugabanta na fari, ya kuma riƙe ta har rasuwarsa. Jami'ar ce aka ɗora wa lura da makarantun ƙasar duka, saboda haka littattafan da yara ke karantawa ta hannunsa su ke bi. A 1847, yana da shekara 65, ya buga babban littafinsa na nahawu, ya kuma faɗa tun a bangon littafin cewa domin mutanen Amurka ya yi shi. Yana da dalilai biyu. Na fari, kowane harshe yana da nasa tsari, a cikinsa ya kamata a nemo ƙa'idarsa, ba a cikin wani harshe ba. Na biyu, yana tsoron kada sababbin ƙasashen nan da suka sami mulkin kai kowace ta kama hanyarta, har Sifaniyanci ya rarrabu kamar yadda Latin ya rarrabu ya haifi Faransanci da Italiyanci da sauransu, a wayi gari mutumin Cile ba ya jin mutumin Meksiko. Duk da haka bai ce sai an kwaikwayi Madrid a kome ba. Ya yarda cewa in masu ilimi na wata ƙasa sun saba da wata kalma mai kyau, suna da ikon riƙe ta kamar yadda lardunan Sifen su ke riƙe nasu.

Ya tuna da malamin aji wajen shirya littafin. Ya sa aka buga shi da haruffa iri biyu, manya domin masu farawa, ƙanana domin waɗanda suka yi nisa, don malami ya san abin da zai ba yaro da abin da zai ajiye sai gaba. Da ya ga har yanzu ya yi wa ƙananan yara nauyi, sai ya fitar da taƙaitacce domin makarantu a 1851. Babban littafin kuwa ya yi ta gyara shi, an buga shi sau biyar yana da rai, na ƙarshe a 1860. A 1851 Majalisar Harshe ta Sifen, wadda ya saɓa wa a wurare da yawa, ta girmama shi, ta sa shi cikin 'yan majalisarta na karramawa.

Duk wannan fa yana yi ne tare da waɗansu ayyuka masu nauyi. Ya yi aiki a ma'aikatar harkokin waje, ya zauna a majalisar dattawa daga 1837 zuwa 1864. Ya yi shekaru yana shirya littafin dokokin zaman jama'a, na aure da gado da ciniki, majalisa ta amince da shi a 1855, ya fara aiki a 1857. Ekwado da Kolombiya suka ɗauke shi da 'yan gyare-gyare, a Cile kuwa har yau da shi a ke shari'a, ko da ya ke an sake sassa da yawa. A gida kuma baƙin ciki bai bar shi ba, gama da yawa daga cikin 'ya'yansa sun riga shi mutuwa, waɗansu ma bayan sun zama manyan mutane. A shekarunsa na ƙarshe ƙafafunsa sun kasa, amma yana zaune a kan teburinsa yana aiki. Ya rasu a Santiyago ran 15 ga Oktoba, 1865, yana da shekara 83.

Ina sunayen nasa suka kwana? Ƙasar Sifen ba ta ɗauke su ba, ta riƙe nata na dā. Amma a Meksiko da Benezuwela da waɗansu ƙasashen Amurka sun shiga littattafan makaranta, yara suna koyon copretérito da pospretérito. A kan maganar comería kuwa, Majalisar Harshe ta raba ta da 'yan'uwan nan biyu a 1917, a 1973 kuma ta sa ta cikin lokutan ba da labari, inda Bello ya ajiye ta tun 1841. Babban nahawun da majalisun harshe na ƙasashen Sifaniyanci suka fitar tare a 2009 ya jera sunayen Bello a gefen na gargajiya. Akwai masana da ke cewa ma'aunin lokaci kaɗai bai isa ya raba comí da comía ba, sai an duba ko a na kallon aikin a ƙare ne ko yana cikin gudana. Wannan gyara ne mai kyau, kuma ina tsammani mutumin da ya gyara littafinsa sau da yawa haka ba zai ƙi sauraronsa ba.

Mu nan ba Sifaniyanci za mu koyar ba, amma rigar aron da Latin ya sa wa Sifaniyanci, irinta Ingilishi ya kan sa wa harsunanmu. Ku duba yana ci. Mai auna Hausa da ma'aunin Ingilishi zai ce lokacin yanzu ne. To, yaya za mu yi da jiya da na shiga yana ci, ko kuwa gobe war haka yana ci? Sigar ɗaya ce, turken ne ya ƙaura. Haka kuma ya ci: a na cewa jiya ya ci, a na kuma cewa kafin ka iso gobe ya ci. In muka gaya wa yaro cewa wannan siga ta abin da ya wuce ce kaɗai, mun koya masa abin da bakinsa ke ƙaryatawa kullum. Yaro mai hankali zai lura, sai dai ya yi shiru don tsoron malam, daga nan kuma ya ɗauka nahawu abin hadda ne kawai, ba abin ganewa ba.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana da za su fita koyarwa ita ce, kafin mu rubuta sunan wani lokaci a kan allo, mu sa yara su kawo jimloli daga maganarsu ta gida, ko da Hausa ce ko da wani harshe, mu jera su, mu tambaye su wane aiki ya riga wane, wane kuma ke tare da wane. In sun gane wannan, sai mu ba su sunan. In kuwa sunan da ke cikin littafi ya ƙi dacewa da jimlolin, mu faɗa musu haka a fili, mu rubuta abin da muka gani, mu ajiye. Bello ya ajiye nasa shekara talatin kafin ya buga, bai kuwa yi asara ba.